Gwanin Takardun Tsohuwar Mota

A Hotoro, daga bakin defo zuwa titin Maiduguri, ba a rasa gareji mai tsohuwar Marsandi a kwance, ƙura ta rufe ta. Mai wucewa yakan ɗauke ta a matsayin tarkacen da ke jiran 'yan gwangwan. Akwai kuwa mutanen da idan suka hango ta sai su tsaya, su tsugunna, su leƙa lambar da aka buga a jikin ƙarfenta. Su ne masu harkar takardun mota, kuma na daɗe ina ganin ba a ba su haƙƙinsu na yabo.

Ɗauki Marsandi 190, wadda aka ƙera daga 1982 zuwa 1993. Ta cika Kano a zamaninta, amma a cikin dangin akwai 2.3-16, wadda kamfanin Cosworth na Ingila ya yi wa kan inji, kuma da irinta Ayrton Senna ya ci tseren Nürburgring a Jamus a 1984. Haka Marsandi V-boot tana da 'yar'uwa 500E, mai silinda takwas, da aka harhaɗa a masana'antar Porsche. Kowa na iya sayo tambari a Ƙofar Ruwa ya manna a but. Gwani ba ya kallon tambari. Lambar shasi yake nema: in ya ga 201034 ya san 2.3-16 ce ta gaske, in ya ga 124036 ta 500E sai ya gyara tsayuwa.

Abin da ya fi burge ni da su shi ne iya cewa a'a. Alhaji zai zo da hoto a waya, wata Nissan Skyline ta Japan, ƙirar 1989, ya ce ko nawa ne a kawo masa. Ɗan koyo zai karɓi kafin alƙalami nan take. Gwani kuwa cewa zai yi, "Ranka ya daɗe, wannan ba ta shigowa." Dalilinsa biyu ne. Tun ranar 2 ga Afrilun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, saboda haka motar da sitiyarinta ke dama, irin ta Japan da Ingila, dokar hanya ba ta yarda a yi mata rajista ba. Juya sitiyarin kuma, wanda wasu ke yi a ɓoye, kasada ce ga motar da aka yi don gudu. Na biyu shekaru: kwastan ta haramta shigo da motar hannu da ta wuce wani adadi, da 15 ne, aka rage zuwa 12. A Amurka abin akasin haka yake, sai mota ta cika shekara 25 ake sassauta mata. Wato abin da ke buɗe mata ƙofa a can shi ke rufe mata a nan.

Tsohuwar hanyar Kwatano zuwa Maraɗi ita ma ta toshe tun 1 ga Janairun 2017, da aka hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa. Abin da doka ta sani yanzu shi ne jirgin ruwa zuwa tasha irin ta Legas, a biya kuɗin fito a can, kuma tun 2022 da lambar shasi ake ƙiyasta shi.

To me ya rage? Farauta a cikin gida. Irin waɗannan motoci da yawa sun shigo tun suna sababbi, suna nan a gidajen tsofaffin attajiran Bompai da Nasarawa, wasu magada sun manta da su. A nan ne aikin yake zama na haƙuri. Sai an nemo takardar fito ta asali, an gwada lambarta da ta shasi da ta inji harafi bayan harafi, an tabbatar duk magada sun yarda da cinikin, sannan a yi canjin suna, a kai wa jami'an duba lafiyar mota, a karɓo lamba. Harafi ɗaya ya saɓa, motar na iya kwana a hannun kwastan ko da ta shekara talatin tana yawo a gari.

Inshora ce yawancinmu muke yi wa riƙon sakainar kashi, takarda ce kawai ta nuna wa ɗan sanda. Tun Janairun 2023 mafi ƙarancinta ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000, kuma tana biyan ɓarnar da ka yi wa dukiyar wani har miliyan 3, amma ba ta biyan ko fitilar motarka. Gwani zai sa ka yi cikakkiya, ya kuma dage a rubuta darajar motar a takarda tun farko, da hotuna da rasiɗan gyara, don kada ranar tsautsayi a ƙiyasta ta da kuɗin kowace tsohuwar 190. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar gargajiya ba, ya nuna masa ta takaful. Daga ƙarshe ya duba lambar motar a rumbun bayanan kamfanonin inshora a intanet, domin inshorar bogi ta yi yawa a bakin ofisoshin lasisi.

In ka ga motar da ta kwanta maka a rai, kafin ka kira bakanike ya tayar da inji, kira mai takardu ya karanta lamba.