Fiyano Biyu, Kunne Ɗaya

A situdiyoyin Titin Gidan Zu, daf da Gyadi-Gyadi, idan aka ce fiyano ana nufin na'urar Yamaha da ke raka waƙoƙin finafinan Hausa tun zamanin Sangaya. Amma akwai dattawa a Unguwar Gano da Tarauni da kalmar ke tuna musu dararen da suke murɗa rediyo mai gajeren zango su kamo shirin jaz na Willis Conover a Muryar Amurka, wanda ya fara a 1955.

Ba begen jiya kawai ke damunsu ba. A fiyano na asali 'yar guduma ce ke dukan tsirkiya, nauyin yatsa ke yanke ƙarfin sauti. Shi ya sa kiɗan dare na Chopin ke iya raɗa, Thelonious Monk kuma ya dakata tsakar kiɗa har shirun ya yi magana. A Mannenberg (1974), Abdullah Ibrahim yana nanata 'yan sautuka kamar mai kalangu na maimaita take, amma kowane zagaye da nauyinsa. Akin Euba bai yi kuskure ba da ya ɗauki fiyano tamkar ganga.

Na'urar situdiyo kuwa da kiɗanta a shirye take zuwa, bugu ɗaya daga farko har ƙarshe, ba numfashi. Ta sauƙaƙa sana'a, ta ciyar da gidaje, wannan ba a musu. Sai dai yaron da ya tashi bai san sassauta yatsa ba, ko kalangun gidansu aka miƙa masa, duka zai yi, ba kiɗa ba.