Gidauniyar MTN da Hidimar Unguwanni da Yara a Najeriya

Gidauniyar MTN ita ce reshen ayyukan jinƙai na kamfanin sadarwa na MTN a Najeriya. An kafa ta a shekarar 2004, kuma kamfanin kan ware mata kuɗin da ya kai kashi 1 cikin 100 na ribarsa bayan biyan haraji. Wannan tsari ya sa kyautar ta zama abin da ake tsarawa duk shekara.

Ayyukanta sun fi karkata ga lafiya da ilimi da tallafa wa matasa. A fannin ilimi, tana ba ɗaliban kimiyya da fasaha da ɗalibai makafi na manyan makarantun gwamnati tallafin karatu har su kammala, muddin makinsu bai faɗi ba. A fannin lafiya kuwa, ta girka na'urorin wankin ƙoda a wasu asibitocin gwamnati, ta kuma samar da motocin asibitin tafi-da-gidanka.

Abin da ya fi cancantar jinjina shi ne shirin da ta ɓullo da shi a 2015, inda jama'a da kansu ke gabatar da sunan unguwa ko ƙauyen da ke da buƙata, sannan a je a tantance. Ta haka wasu wurare suka samu rijiyar burtsatse ko taransifoma, yaran firamare suka tashi daga zaman ƙasa suka hau benci, gidajen marayu kuma suka samu kayan amfanin yau da kullum. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ya sa taimakon ke isa inda ake buƙatarsa.