Santsin Ƙofar Shago da Gwanintar Alƙali

A Wurno da Rabah da Goronyo ƙanƙara ba ta daskarewa a ƙofar shago, amma santsi ba baƙo ba ne. Da damina ta kankama, lakar fadamar Rima takan biyo ƙafa har cikin kasuwa. Mai abinci ta watsa ruwan wanke-wanke gaban rumfa, mai kankana ya yar da ɓawo, sai wani dattijo ya taka ya zame, ƙugu ya karye. Kafin a kai shi wurin mai ɗori, mutane sun riga sun yanke hukunci: tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa.

Gwanin alƙali ba ya musun ƙaddara, amma ba ya bari a fake da ita a binne haƙƙin wani. Wannan ne ke burge ni da aikinsa. Yakan bar maganar raunin tukuna, ya fara da ƙasar da aka faɗi a kanta. Ruwan nan na sama ne, ko hannu ya zuba shi? Wurin hanyar jama'a ce, ko cikin mallakar mai shago? An taɓa yi masa magana? Ya sami sukunin gyarawa ya ƙi?

Tambayoyin nan suna da tushe a fiƙihun Malikiyya, wanda ake karantarwa a zaurukan wannan yanki tun zamanin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna a ribaɗin Wurno, inda ya rasu a 1837. A Muwaɗɗa, Imamu Malik ya raba abin gida biyu. Wanda ya yi abin da bai halatta gare shi ba a kan hanyar Musulmi, kamar haƙa rijiya, shi ke lamunin duk wanda ya ji rauni. Wanda ya yi abin da ya halatta, kamar ramin tara ruwan sama, babu komai a kansa. Har wanda zai biya ya fayyace: abin da bai kai sulusin diyya ba daga dukiyar mai laifin zai fito, sulusi zuwa sama kuwa danginsa na wajen uba ke ɗauka.

Muhtasar na Halil ya ambaci ajiye abu mai santsi ƙarara, masu sharhi kuma suka ba da misali da ɓawon kankana. A nan niyya take shigowa: wanda ya ajiye don ya cuci wani takamaimai, mutumin kuma ya mutu, hukuncinsa ya wuce na diyya, ya kai ga ƙisasi. Mas'alar da ta fi kama hankalina ita ce ta katangar da ta karkata. Mai ita yana ɗaukar lamuni ne idan an gargaɗe shi, ya kuma sami damar gyarawa bai yi ba. Duk wanda ya san yadda ginin ƙasa ke jiƙa a watan Agusta ya san ba labarin littafi kaɗai ba ne.

Ƙasashen sanyi ma kan wannan gaɓa suke kokawa. A Ingila dokar 1957 ta ɗora wa mai riƙe da wuri nauyin kula da lafiyar masu shigo masa gwargwadon hankali. A jihar Masacusets ta Amurka, sai a 2010 babbar kotun jihar ta daina karɓar uzurin mai kanti cewa ƙanƙarar da kanta ta taru, ba shi ya tara ba.

Wahalar aikin a nan gida ita ce hujja. Mai ƙara ke kawo shaida, wanda ake ƙara ya yi rantsuwa, ga shi laka tana bushewa kafin la'asar, 'yan cin kasuwar mako kuma sun watse ƙauyukansu. Shi ya sa gwani yake neman maƙwabcin rumfa da sarkin kasuwa, ya saurari kowa daban, ya ji ko an saba zubar da ruwa a wurin. In sakaci ya tabbata kuma raunin bai yi tsanani ba, yakan nuna musu ƙofar sulhu: mai shago ya biya kuɗin ɗori da magani, ya haƙa kwata ya karkatar da ruwansa.