Jerin kalmomin Turanci zuwa Sifaniyanci: a yi hattara

Jama'a, masu sha'awar Sifaniyanci, ko don ƙwallon La Liga ko don neman gurbin karatu, na san kun ci karo da irin jerin nan da ke yawo a waya: kalmar Turanci a hagu, ta Sifaniyanci a dama, wai ka haddace ɗari ka fara magana. "Water" agua, "house" casa. Har nan dai ba laifi. Rigimar tana somawa ne da an zo kan kalmomin da baki ba ya rabuwa da su.

Ɗauki "to be". Jerin zai ce maka ser, ya wuce abinsa. Alhali biyu ne a Sifaniyanci, ser da estar. Musa es maestro, Musa malami ne. Musa está en casa, Musa yana gida. Kun lura? Hausa ta riga ta raba su, "ne" da "ce" gefe guda, "yana" da "tana" gefe guda. Turanci ne ya cusa su duka cikin "is". Ba ko'ina Hausar ke zuwa daidai ba, amma ta fi Turancin kusa. Kuma kuskuren ba ƙarami ba ne: es listo, wayo gare shi, está listo, ya shirya.

Haka batun shekaru. Wanda ya haddace "I am" a matsayin soy zai ce soy veinte, a yi masa dariya. Abin da ake cewa shi ne tengo veinte años, wato ina da shekara ashirin, sak yadda muke faɗa. To me ya kai Bahaushe zagayawa ta Ingila kafin ya isa nan?

Akwai kuma masu kama da wane. Librería kantin littattafai ne, laburare biblioteca. Éxito nasara ce, ƙofar fita salida. Embarazada kuwa ba mai jin kunya ba ce, mai juna biyu ce. Wannan ko ɗalibina namiji ba na so ya gwada ta a bainar jama'a.

Amma abin da ya fi ɓata min rai shi ne yadda ake kawo suna tsirara, babu el babu la. Mai Turanci bai damu ba, tunda tebur da kujera ba su da jinsi a harshensa. Sifaniyanci kuwa kowane suna namiji ne ko tamata, kamar Hausa, kuma sifa na bin jinsinsa. Har ƙa'idar ta yi kama da tamu: mafi yawan sunaye masu ƙarewa da "a" tamata ne, la casa, la mesa, kamar riga da hula. Togaciyar ma akwai: el día da el mapa maza ne, kamar gida, ruwa da nama a wurinmu.

Sai dai kada ka kwashi jinsin Hausa ka kai can. Gida namiji ne, casa tamata: farin gida, casa blanca. Mota tamata ce, coche namiji: farar mota, coche blanco. Saboda haka in za ka rubuta kalma a littafinka, rubuta ta da el ko la ɗinta, ka sa ta a gajeriyar jimla, fassarar kuma ka yi ta da Hausa: la mano, hannu, me duele la mano, hannuna na ciwo.