Masu Auna Mura da Mudu Ɗaya

Idan hunturu ya shigo, tari da majina suka cika gidaje, mura kawai muke cewa, mu sha shayin citta mu kwanta. Amma a cikin murar akwai wadda likitoci ke kira infuluwenza, mai sauya kama shekara bayan shekara, wadda ta halaka miliyoyin mutane a 1918. Shi ya sa tun 1952 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa tsarin sa mata ido, inda ɗakunan gwaje-gwaje na ƙasashe fiye da 100 ke duba majinar marasa lafiya. Mutanen da nake jinjina wa su ne masu haɗa wa waɗannan ɗakuna kayan aiki.

Kasuwa ba ta zama lafiya idan kowa da mudunsa. Haka gwajin mura yake: abin da aka auna a Abuja dole ya yi daidai da na Yamai, da na Akara, da na Tokiyo. Don haka a 2008 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta kafa rumbun da ke aika wa ɗakunan gwaji na gwamnatoci sinadarai iri ɗaya.

A cikin kwalin da ake aika musu akwai 'yan ƙananan kwalabe. Wasu na ɗauke da sinadarin da aka ƙera daidai da wani yanki na ƙwayar halittar cutar, kamar makulli da kwaɗonsa. Idan cutar ta sauya, makullin na iya daina shiga, sai na'urar gwaji ta PCR ta ce babu cuta alhali tana nan. Saboda haka kullum idon masu haɗa kayan na kan sababbin nau'o'in da ke ɓulla, su gwada, su gyara. Akwai kwalbar matacciyar ƙwayar cuta, wadda dole gwajinta ya nuna akwai. Idan bai nuna ba, aikin ranar ya tashi. Akwai kuma sinadarin da ke tabbatar da cewa tsinken da aka zura a hanci ya ɗauko wani abu daga jikin mutum. Ko tsinken ma ba a yarda da mai sandar katako ba, don yana iya ɓata sakamako.

Sai maganar sanyi, kuma a nan ne gwaninta ke fitowa fili. Wasu kayan da busasshiyar ƙanƙara ake tura su, mai sanyin digiri 78 ƙasa da sifili. Ba ta narkewa ta zama ruwa, iska take komawa, don haka ba a toshe kwalin ruf. Mai ɗaurin kayan sai ya lissafa kwanakin jirgi, da jiran 'yan kwastan, da zafin filin jirgin da za a sauke, ya ƙara ƙanƙarar ko-ta-kwana, ya kuma tabbatar kayan ba su isa ranar da ofis ke rufe ba.

An ga amfanin wannan shiri a 2009. A watan Afrilu aka gano sabuwar murar H1N1 a Amurka, cikin kimanin mako biyu aka haɗa kayan gwajinta, a farkon Mayu aka fara rarraba su. Mu ma abin ya shafe mu: a jihar Kaduna aka fara tabbatar da murar tsuntsaye ta H5N1 a Afirka, a 2006, kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano na cikin wuraren da ake ɗibar samfur don sa ido a kan mura a Najeriya.

Kowane Fabrairu da Satumba masana kan zauna su zaɓi nau'o'in da za a sa a allurar rigakafin mura, bisa sakamakon da ɗakunan nan suka tara. Majinar yaron da aka ɗiba a Kano na iya shiga wannan lissafi, kuma ana yarda da ita ne domin da mudun da aka auna ta kowa aka auna ta.