Zoben Ƙafar Kaza Ya Gama Mini Komai

Jama'a, duk mai kaji a bayan ɗaki, biyar ne ko hamsin, ya ba ni aron kunnensa. Kayan kiwo na gani iri-iri, daga mazubin abinci har injin ƙyanƙyasa, amma babu wanda ya kwanta mini a rai kamar ɗan zoben roban nan da ake saka wa kaza a ƙafa. Wallahi wanda ya ƙirƙiro shi ya yi wa masu kiwo babban gata!

Iyayenmu mata sun daɗe suna yi wa kaji shaida. A gidan da kowace mace take da nata, wata takan ɗaura ƙyalle a fiffike, wata ta shafa wa 'yan tsakinta launi, wata ta yanke farce guda. Dabara ce mai kyau, sai dai ƙyalle yana kwancewa, zarensa yana sarƙe yatsu, launi kuma yana bin gashin da kaza ta zubar. Shi kuwa zobe ruwan damina ba ya cin sa, birgima a turɓaya ba ta goge shi.

Akwai mai naɗi kamar zoben makulli, akwai mai maɓalli da ake dannawa ya kulle, akwai na alminiyam. Ni dai mai maɓalli ne gwanina, domin yana zuwa da launi da lamba a tare. Mai faɗin milimita 16 yana yi wa yawancin manyan kaji daidai, ƙaton zakara kuwa sai 18 ko 20.

Inda abin ya fi burge ni shi ne maganar ƙwai. Ɗauki kazar Shika Brown, wadda cibiyar binciken dabbobi ta Shika da ke Zariya ta samar. Ka tara ashirin a akurki ɗaya, duk ja-ja, kai ɗaya ƙafa ɗaya. Ina mai yin ƙwai a ciki, ina mai cin dusa a banza? Ido ba zai faɗa maka ba. Amma da zobe, ka leƙa wurin yin ƙwai da hantsi, ka ga mai lamba 7 a zaune, ka rubuta a ɗan littafinka. Kafin wata ya ƙare ka san wadda za ka riƙe da wadda za ta tafi kasuwa ko tukunya. Wa zai raina irin wannan sani?

A kajin Hausa ma haka abin yake, har ya fi daɗi. Akwai uwar kirki da za ta yi kwanci kwana 21 cif, ta fito da 'ya'yanta, ta tsare su daga shirwa. Akwai wadda za ta tashi ta bar ƙwai ya yi sanyi. Ka san lambar ta farko, ka san wa za ka danƙa wa ƙwan zabi, wanda ke ɗaukar wajen kwana 28, aikin da sai mai haƙuri. Kuma idan ka ware launi ɗaya ga kowace shekara, ja ga ƙyanƙyasar bana, shuɗi ga ta baɗi, daga nesa ka gane tsohuwa da sagara, tunda ƙwai yana raguwa ne yayin da kaza ke manyanta. Wasu ma suna ƙara wata hikimar: haihuwar gida a ƙafar hagu, sayen kasuwa a ta dama. Madalla da wannan! Da shi za ka gane lokacin canza zakara, kada ya yi ta bin 'ya'yansa iri ya lalace.

Ga kuma batun lafiya. Rigakafin Newcastle, cutar nan da ke share akurki a lokacin hunturu, ana maimaita shi ne bayan 'yan watanni, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ke jihar Filato tana yin sa. Ana ɗiga wa kowace kaza, ka duba lamba, ka yi alama, babu wadda za a tsallake. Wadda aka ba magani kuma an san ta, a ware ƙwanta har kwanakin da aka rubuta a jikin maganin su cika, kada yara su ci.

Sharaɗi ɗaya ne, kuma ina roƙo a riƙe shi da kyau: ƙafar ɗan tsako tana girma, zobe ba ya girma. Idan aka manta da shi zai nutse cikin fata, ƙafa ta kumbura, kaza ta gurgunce. A duba na ƙanana duk mako, a canza da zarar ya fara matsewa. Zoben da ya yi daidai yana juyawa a sake, amma ba ya zamewa ta kan yatsu.

Rigimar "kazata ce, ba taki ba ce" da maƙwabta kuwa, ɗaga ƙafa ɗaya ya kashe ta.

'Yar'uwa, ɗan'uwa, idan kun shiga shagon kayan kaji ku tambayi zoben ƙafa mai lamba. Ku sayi girma biyu ko uku, ku haɗa da littafi da biro, ku saka wa kajin da daddare lokacin da suke kwance ba sa gudu.