Kafin Ki Kunna Fim, Nemi Rabi

Wata ƙanwata daga Wara ta tare ni a gidan biki, ta ce, "Anti, wane fim zan kalla ranar Asabar in na gama wanki?" Na ce mata ta ajiye fim tukuna, ta nemo littafin Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kuykuyo Ne, wanda ya fito tun 1990. Ta yamutsa fuska wai tsohon yayi ne. To ku ma ku saurara.

Labarin Rabi ne, uwar 'ya'ya tara, matar Alhaji Abdu ɗan kasuwa a Kano. Yana da shi, amma cefanen gida sai an kai ruwa rana. Da ya auro Delu sai ya kori Rabi da 'ya'yanta, ita kuwa ta kama sayar da abinci tana ciyar da su. Wallahi duk wadda ta taɓa tsayawa bakin ruwa a Yelwa ta ga matan da ke fama da hayaƙin banda tun asuba, ta san Rabi ido da ido. Abin da ya burge ni, Hajiya Balaraba ba ta ɓata takarda wajen yabon gashi da dogon hanci irin yadda mu marubuta muka saba, har da ni. Kuɗin cefane take lissafa miki, da kuɗin makaranta, da wanda ya hana.

Amma ƙarshen bai kwanta mini ba. Gobara ta cinye dukiyar Alhaji, Delu ta watsar da shi, sai dangi suka taru a kan Rabi ta koma. Ta koma ɗin, ita ce kuma mai ciyar da gidan. Na daɗe ina jin haushin marubuciyar, na ce ai wannan ba sakayya ba ce, ƙarin kaya ne. Daga baya na lura ba ta ce mana Rabi ta koma da murna ba. Ta nuna mana yadda ake yi ne a gidajenmu, ta bar mu da ɗacin. Duk da haka, da ni ce da alƙalamin, da na bar Rabi ta faɗi sharuɗɗanta da ƙarfi a gaban kowa.

In kin gama, ki ɗora da Wa Zai Auri Jahila?, shi ma na 1990. Abu aka cire daga makaranta aka ba Sarkin Noma, sa'an ubanta, ta gudu Kano, ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. Ita kanta marubuciyar tana da shekara 13 aka yi mata aure. Wannan littafin namu ne mu 'yan Yauri. Tun da aka kwashe ɗaliban kwalejin tarayya ta Birnin Yauri ranar 17 ga Yunin 2021, na sha jin uwa na cewa gara ta aurar da 'yarta ta huta da fargaba. Ban ga laifin tsoronta ba, ni ma uwa ce. Sai dai ta karanta daren farko na Abu a gidan Sarkin Noma kafin ta amsa wa masu kawo goro.

Fim kuwa, an mayar da Alhaki fim a 1998, in kin ci karo da shi ki kalla, amma bayan littafin. Wadda ido ya gaji ko karatun boko bai zauna mata ba, ta nemi labaran gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 domin mata marubuta, ta saurara a waya tana tsintar shinkafa. Wasu labaran ba su nuna ba, wasu kuwa sai kin ajiye farantin.

Ke kuma ƙanwata ta Wara, littafin nawa na ba ki aro ne. Bangonsa ya yage, ki riƙe shi a hankali, kada ya shiga jirgin ruwa ba leda.